Kifin da Na Saya da Hannun Mai Sayen Rago

Ku matso kusa, manya da yara, ku saurara. Wanda ke tauna ya haɗiye tukuna, wanda ke da dariya ya adana ta, akwai inda za a neme ta.

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Lahadi cikin bazara, shekarar da matar autana ta yi haihuwar fari. Ranar ce na ɗauki girman da na yi shekara sittin da wani abu ina tarawa, na zuba a kwano, na rufe da faifai, na kai tsakar gida na buɗe gaban mata.

Amma bari in fara daga turke, don can abin ya samo asali.

Ni haifaffiyar Illela ce. Nan anka yanke mini cibi, nan anka kai ni ɗakin miji, nan furfura ta iske ni. Boko ban yi ba, allo ma iyakata abin da zan tsaya gaban Ubangijina da shi. Amma in maganar rago ake, to a shimfiɗa mini tabarma a gaba. Marigayi Malam, maigidana, dillalin tumaki ne a kara, kasuwar dabbobi, ni kuwa shekara talatin ina turke raguna a bayan ɗaki, ina ɗura musu dusa da harawa har su kasa tashi. In Babbar Salla ta matso, har daga Ƙonni mutane ke ƙetarowa da sefarsu suna tambayar gidan tsohuwa mai raguna. (Ba yabon kai nake ba. So nake ku san tsawon iccen da na faɗo daga kansa.)

Sayen rago yana da ƙa'ida, kuma Malam ya koya mini ita tun ina amarya. Ba a sayen rago da ido, da hannu ake saye. Ki danna gadon bayansa, in yatsa ya nutse to akwai kitse. Ki dubi ciki, ki ga ya cika ya batse. Rago mai zabure-zabure ba shi da komai a jiki, wanda ya ƙoshi kwance yake, ko kin zungure shi ba ya kula ki. Ki buɗe baki ki dubi haƙori, don ki san shekaru. Sai babbar ƙa'ida, wadda ta fi dukansu: ragon ƙwarai ba a ɗaure shi gaban rumfa, baya ake ɓoye shi. In kinka leƙa kinka gan shi, dillali zai ɗaure fuska ya ce, "A'a, wanga ba na sayarwa ba ne, akwai mai shi." To nan ne ciniki ya fara. Na ji Malam ya faɗi wannan magana ya fi a ƙirga, Allah ya gafarta mishi, kuma ban taɓa ganin mai shin nan ba ko sau ɗaya.

Kifi kuwa, ni da shi sai gaisuwa daga nesa. Malam cewa yake mai rago a turke ba ya wahalar da bakinsa da ƙaya. Abin da na sani na kifi shi ne busasshe wanda ake marmasawa cikin miya, sai na gwangwani da yara ke ci da burodi. Ɗanye, mai ido da wutsiya, hannuna bai taɓa sayensa ba.

To autana Bashiru yana kai albasa can wajen Yawuri, a can ya ga Balki, ɗiyar masunta, mutanen da sunka gaji ruwa kaka da kakanni. Anka yi aure, anka kawo mini ita. Yarinya ce mai sanyin hali, ba ta ɗaga murya, in ta yi magana sai kin kasa kunne. Shekara biyu ta haifi ɗa namiji. Ku kuwa ku sani, tun da Malam ya rasu, manyan ɗiyana sunka watse, wasu Sakkwato wasu Ƙonni, gidan nan bai ƙara jin kukan jinjiri ba. Ranar da na ji kukan yaron nan sai da na shiga ɗaki na rufe ƙofa, don kada a ga tsohuwa tana hawaye.

Kwana uku da haihuwa sai ga uwar Balki, Hajiya Ige. Mace ce siririya, baƙa, ba ta da yawan magana, hannuwanta duk tabon ƙayar kifi, don rayuwarta kaf a bakin gulbi ta yi ta tana gyaran kifi tana banda. Na san abin da ya kawo ta. Haihuwar fari, yarinya gidansu take komawa ta yi wankan jego kwana arba'in. Al'ada ce, ni ma na ɗauko nawa ɗiyan a lokacinsu, ban nemi shawarar kowa ba. Amma wannan karon zuciyata ta ƙi. Tun cikin yana wata bakwai na tara itacen dafa ruwan wanka, tsibi guda har ya kai rabin katanga. Na sayi kanwa, na sayi gero na kunu, na ware ɗan rago guda na mai jego.

Sai na cire kunya na roƙe ta. Na ce, "Hajiya, ki bar mini su. Gidan ga ya daɗe shiru. Duk abin da za ki yi mata can, zan yi mata nan."

Ta ja carbinta, sannan ta ce, "Ban ƙi ba, Hajiya. Amma mu mai jego romon ɗanyen kifi take sha kowace safiya, da shi anka rene ta, shi ke kawo mata nono. Nan kuwa na ga ƙasar tudu ce. Ana samu?"

Da Allah ya so ni da rahama a lokacin, da sai in ce, ana samu amma ban san kansa ba, zo mu je tare. Magana ce da ba ta kai tsawon tsinke ba. Maimakon haka na gyara zama na ce, "Kifi? Hajiya, Illela fa kike. Abin da babu a kasuwar ga, to ba a halicce shi ba. Gobe Lahadi, za ki gani da idonki."

Ta ce, "To. Mu gani zuwa suna."

Da safe na yi wa Balki wanka, na ɗauki babban kwanon samira da faifai. Hajiya Ige ta jawo mayafinta ta ce ta raka ni. Na ce Allah ya kiyaye, baƙuwa ba ta zuwa cefane a gidana. Daga cikin ɗaki Balki ta ce, da 'yar muryar nan tata, "Inna, ki ce ma mai kifin ya zaɓa miki."

Na ce, "Ke dai ba shi nono. Tun ba a haifi ubanki ba nake ciniki." (Ubanta ya girme ni. Amma a lokacin maganar ta yi mini daɗi a baki.)

Mai kifin namu Mamman ne, ɗan wata maƙwabciyarmu ta dā da munka yi surfe tare, Allah ya jiƙanta. Daga madatsar ruwa ta Goronyo yake ɗauko kifi cikin ƙanƙara, yana da 'yar rumfa a gefen masu kayan miya. Da ya hango ni sai ya miƙe.

"Inna, yau ke ce a layin kifi? Ko hanyar kara ta ɓace miki?"

"Mai jego gare ni, ɗan nan. Kifi nake so irin wanda ake nuna ma surukai."

"To kin zo a sa'a. Ga tarwaɗa nan da ranta. Ga karfasa kuma, asubar yau ta fito ruwa."

Na leƙa bahon tarwaɗa. Wasu dogaye baƙaƙe, sai wutsil-wutsil suke suna fantsama ruwa. Na ce a raina, waɗanga ai ba su taɓa zama sun ci abinci ba, duk sun ƙone kitsensu da tsalle. Na koma kan karfasa, na danna da yatsa. Tauri, yatsa ya dawo mini awa na danna tayar mota. Ciki a shafe. Idanu ƙuru-ƙuru suna kallona, irin na ɗan akuyar da ya kwana da yunwa.

Na ce, "Mamman, waɗanga ramammu ne."

Ya ce, "Ramammu, Inna?"

"Ramammu. Na gaban rumfa ke nan. Ina na baya?"

Ya yi dariya ya ce ba shi da na baya. Amma ni idona ya riga ya zagaya. Can ƙarƙashin tebur, ta ƙurya, ga wani baho an rufe shi da buhu. Zuciyata ta ce, ga shi nan.

"Mi ke cikin wancan?"

"Wanne? A'a, Inna, bar shi. Wanga ba na sayarwa ba ne."

Wallahi da na ji haka sai na ji awa Malam ne ya dawo duniya yana magana. Na yi murmushin manya. Na ce a raina, yaro, gaban matar dillali za ka yi wannan wasa?

Ya ce, "Da gaske nake, Inna. Na shekaranjiya ne. Mota ta lalace muna a hanya, ƙanƙara ta narke. Jira nake kasuwa ta lafa in kai shi bayan gari in turbuɗe."

Na gyaɗa kai kawai. Malam ma, in ragon ya yi kyau ƙwarai, yakan ƙara da cewa ciwo gare shi.

Na duƙa da kaina, da ciwon gwiwata da komai, na jawo bahon, na yaye buhu. Jama'a, in kun ga abin da na gani da idon da na gan shi, da ku ma kun yi hamdala. Giwan ruwa ne, tsawon hannuna tun daga yatsa har kafaɗa. Kwance yake shiru abinsa, babu tsalle babu hauka. Ciki ya batse yana ƙyalli. Na danna gadon baya, yatsana ya nutse, na ɗaga, ramin ya zauna bai dawo ba. Ban taɓa taɓa rago mai laushin wannan ba. Na dubi ido, ya yi fari ya shige ciki. Na ce, Allahu akbar, kitse har ido. Sannan na buɗe bakinsa don in ga shekaru. Ban ga wani haƙorin kirki ba, sai ɗan kaushi-kaushi. Na ce ashe ma yaro ne, bai ko fidda haƙori ba ya yi wannan jiki.

Na san abin da za ku tambaya. Za ku ce, to tsohuwa, hancinki fa, aike kinka yi da shi? Hancina yana nan, kuma ya yi aikinsa, har sai da na ja mayafi na rufe shi. Amma ni a wurina duk kifi wari gare shi. Ban san akwai ƙarni daban, ɗoyi daban ba. Kuma wadda ta yi shekara talatin tana shara a garken raguna ba ta gudun dabba don wari. Ƙudaje kuwa da sunka taso buu, na ce ai ƙuda maiƙo yake bi.

Na ce, "Sallama mini wanga."

Ya ce, "Inna, don girman Allah. Ko kyauta ba zan ba ki shi ba."

Wannan kam ban taɓa jin dillali ya faɗa ba, sai na ɗauka sabon salo ne na yaran zamani. Na ɗaga murya. Na ce ni zai hana don yana jiran wani Alhaji mai mota? Na ce ni da uwarsa turmi ɗaya munka yi daka, ni na riƙa mata shi ranar da anka yi mishi aski. Masu tumatir da masu albasa sunka fara juyowa. Yaron nan ya rasa inda zai sa kansa, ga tsohuwa tana kiran sunan uwarsa a tsakiyar kasuwa. Ya juya wajen maƙwabtansa ya ce, "Ku shaida, na gaya mata."

Na ajiye mishi kuɗi a kan tebur, har da ƙari don kada ya ce na ƙware shi. Bai taɓa su ba. Na cicciɓi kifina da hannu biyu, na lanƙwasa shi cikin kwano (bai yi mini gardama ba ko kaɗan, ya lanƙwasu awa tsumma), na rufe da faifai na aza a kai.

Ina tafiya ya ɗago murya, "Inna, ki nuna ma wanda ya sani kafin ki ɗora tukunya."

Ban ko waiwaya ba na ce, "Ni ce wadda ta sani."

Rana ta take tsaka, irin zafin bazarar da ke sa kare ya nemi gindin randa. Ban hau kabu-kabu ba, don ina son a ga abin da na ɗauko. Na tsaya gaisuwa wuri uku. A kowane wuri na lura ana gajarta gaisuwar, ba a ko kai ga tambayar mai jego ba, sai a ce mini to a sauka lahiya. Na ce mutane sun lalace da gaggawa. Ƙudaje na biye da ni awa 'yan rakiyar amarya.

Na iso gida na iske tsakar gida cike da mata 'yan barka, sun fi goma, suna zaune a inuwar darbejiya. Hajiya Ige na gefe kan tabarmarta. Cikinsu akwai Hassi, ɗiyar kawuna, taubashiyata, wadda tun muna 'yan mata ba ta taɓa barin tuntuɓena ya wuce ba ta yi mishi guɗa ba.

Ta ce, "Tsohuwa, mi kinka ɗauko muna? Tun kina ƙofar gida hancina ya amsa sallamarki."

Ko a nan da sauran hanyar tsira. Madafa na hannun dama, taku biyar. Da na shige da kwanona can, na kira Hajiya Ige a asirce, da abin ya tsaya tsakanin tsofaffi biyu. Amma wanda ya sayi ragon ƙwarai ba ya shigo da shi ta bayan gida. Na taka har tsakiyar mata, na sauke kwano gaban tabarmar Hajiya Ige, na tsaya sai da kowa ya yi shiru.

Na ce, "Hajiya, kin tambaya ko ana samun kifi a ƙasar tudu. Na gaban rumfa an ba ni, na ƙi. Wanga ɓoye shi anka yi, sai da na yi faɗa kafin na raba shi da mai shi."

Na ɗaga faifai.

Na ga wata ta ja gefen zanenta ta kai hanci, wata ta ɗauke ɗanta ta mayar baya. Na ɗauka mamaki ne ya kama su. Hajiya Ige ta dubi kifi, ta dube ni, ta buɗe baki za ta yi magana. Ban ba ta dama ba. Ai ban gama nuni ba. Kun san in dillali ya gama yabon rago, yakan kai mishi ɗan mari a kwiɓi don mai saye ya ji yadda jiki ke amsawa. Na naɗe hannun riga na ce, "Ku ji ƙiba."

Na ɗaga tafin hannu na sauke a cikin nan da ya batse.

Ƙarar ba ta da yawa. 'Yar fus ce kawai, awa an taka ruɓaɓɓiyar kabewa. Amma abin da ya biyo bayanta, Allah kada ya nuna ma maƙiyinku. Cikin ya fashe. Wani ruwa baƙi-baƙi kore-kore ya yi tsartuwa, ya sami gaban rigata, ya sami haɓata, ya sami tabarmar baƙuwata da ƙafarta ta dama. Iskar da ke ɗaure cikin kifin nan kwana da kwanaki ta samu ƙofa. Mata sunka watse awa an jefa dutse cikin kaji. Wata ta bar takalmi, wata ta bar goronta. Jinjiri ya tsala kuka daga ɗaki, na ji Balki ta jawo ƙofa ta rufe. Kazar gidan ta taho da gudu ganin abin tsattsaga, ta kai kusa, ta tsaya, ta juya abinta.

Ni kuwa ina durƙushe, hannu a sama, ban san inda zan ajiye shi ba.

Mutum biyu kawai sunka rage. Hassi ta dafa katanga, dariya ta hana ta tsayuwa, hawaye na zuba. Hajiya Ige kuwa ko gezau. Ta jawo buta ta wanke ƙafarta a natse, sannan ta ce in miƙo hannu, ta zuba mini.

Da Hassi ta samu numfashi sai ta ce, "Hajiya, ke da kinka san danginsu, yaushe ya rasu? Don mu san ko barka munka zo ko ta'aziyya."

Hajiya Ige ta sa tsinke ta ɗaga marfin kunnen kifin, ta leƙa ƙarƙashi. Ta ce, "Kwana biyu. Yau na uku." Daidai da abin da Mamman ya faɗa, ba ragi ba ƙari. Sannan ta dube ni. "Mai kifin bai ce miki komai ba?"

Na so in yi ƙarya. Amma rabin kasuwa shaidu ne. Na ce, "Ya ce ba na sayarwa ba ne."

"Sau nawa?"

"Uku. Ko huɗu."

"To ki riƙe shi, Hajiya. Mai kifin ƙwarai ne."

Bashiru ne ya kai gawar bayan gari, da kwanon da faifan duka. Na yi wanka sau biyu, na turara ɗaki da tsakar gida, amma har la'asar in iska ta juyo sai ka ga mutum ya yi shiru a tsakiyar magana.

Bayan la'asar Hajiya Ige ta yi sallama ƙofar ɗakina, ta shigo ta zauna. Na kasa haɗa ido da ita. Na fara cewa gobe zan sayo wani, ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Hajiya, rashin sanin kifi ba laifi ba ne. Ni ma in kinka kai ni kara, tunkiya mai ciki zan saya in ce rago ne. Wannan a rana ɗaya ake koyonsa. Ba don shi zan tafi da ita ba."

Na ce, "To don mi?"

"Mai abu ya ce miki abinsa ba shi da kyau, har sau huɗu, ba ki ji ba. Da safen nan ina zaune nan waje kina mata wanka. Na ji ta ce, Inna, ruwan ya yi zafi. Kinka ce haka anka yi muku. Ɗiyata ba ta faɗin magana sau huɗu. Sau ɗaya take faɗi, a hankali, ta yi shiru."

Jama'a, fashewar kifi gaban mata goma ba ta kai wannan magana zafi ba, ga shi ba kowa a ɗakin sai ni da ita. Na ce, "Gaskiyarki."

Washegari ita ta ce in ɗauko mayafi, wannan karon ban ce baƙuwa ba ta zuwa cefane ba. Munka iske Mamman a rumfarsa, kuɗina na naɗe cikin takarda ya ajiye mini. Bai yi dariya ba, Allah ya yi mishi albarka, amma mai tumatir na kusa da shi ya shige ƙarƙashin tebur wai yana neman wani abu.

Nan Hajiya Ige ta sa ni gaba awa 'yar shekara bakwai. Ta ce ido za ki fara duba, ya zama garau, ya fito waje yana kallonki. In ya yi fari ya faɗa ciki, wuce. Ta ɗaga marfin kunnen karfasa ta nuna mini jan abin nan da yake numfashi da shi, ta ce ja za ki gani awa jinin yanka, in ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka to ya kwana. Ta kama yatsana ta danna, ta ce kin ji ya turo ki? Haka ake so. Naman da ya riƙe sawun yatsa ya gama yawo. Ciki ya zama a shafe da ƙarfinsa, ɓawo ya kama jiki kada ya zube don an shafa. Ta kai shi hancina ta ce shaƙa. Na shaƙa a tsorace, sai na ji ƙamshin ruwa da ɗanyar ciyawa, irin na bakin tafki bayan an yi ruwan sama. Tarwaɗa kuwa, ta ce wadda ta fi hauka cikin baho ita za ki nuna. Har wajen masu banda ta kai ni, ta ɗauki guda ta buga a tafin hannu, ta ce in gari ya zubo ƙwari sun riga ki ci, in kuma ya cika sheƙi mai anka shafa mishi, karya ki ga ciki.

Na ce, "Wato duk abin da ke sa in sayi rago..."

Ta ce, "Shi zai sa ki gudu daga kifi."

Ran nan Balki ta sha romon tarwaɗa har kwano biyu, ni na zaɓo, uwarta na tsaye bayana. Na sa rai ko za a sake shawara. Ba a sake ba. Anka yi suna, yaro ya ci sunan Malam, washegari mota ta zo ta kwashe su su uku. Na tsaya ƙofar gida har ƙurar motar ta kwanta. Na dawo na iske tsibin itacena na kallona. Har arba'in ta cika ina dafa tuwon mutum biyu da itacen wankan jego, ina kasa kunne da asuba ko zan ji kuka, sai dai kukan raguna. Da sunka dawo yaro ya yi ɓul-ɓul, ya fara murmushi, kuma ba ni ya fara yi ma ba.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma na saye shi da tsada. Jahilin da ya san bai sani ba, da sauƙi, yakan tambaya. Abin tsoro shi ne tsohuwar da ta ƙware a abu ɗaya, don ita duk abin da anka aza gabanta rago ne. Kuma in mai kaya ya kushe kayansa, to a tsaya a dubi fuskarsa tukuna, ba kowa ne dillali ba.

Mamman yanzu shago gare shi, da firiza mai aiki da hasken rana, kifinsa ba ya ƙara kwana a baho. Hassi ta riga mu gidan gaskiya shekara uku ke nan. Har a ciwon ajalinta, da na kai mata romo, sai da ta buɗe ido ta tambaya wa ya yi cefanen. Jikan nawa yana makaranta, shi ke cinye kan kifi a gidan nan, ya bar mini wutsiya wai ni amaryarsa ce ba na son ƙaya. Hajiya Ige ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, amma an ce har yau in anka wuce da kifi ta ƙofar ɗakinta takan faɗi ranar da ya fito ruwa.

Balki ɗiyanta huɗu yanzu. Da ta yi haihuwa ta biyu, uwarta ba ta zo da mota ba, waya ta bugo, Bashiru ya kara mini a kunne. Bayan gaisuwa ta ce, "Hajiya, in ta ce ruwan ya yi zafi fa?"

Na ce, "Sai in surka."

Ta ce, "To ta zauna."

Ni kuwa ga ni nan, raguna biyu a turke, gwiwa ta ƙi, baki bai ƙi ba. Iyakar abin ke nan. Wanda ya yi dariya bai yi laifi ba, ni dai sai da na shekara kafin na iya.